Ƙarin Gefen Kunne: Rashin Zafi Ba Shi Ne Lafiya Ba

Yau zan ajiye maganar farashin wake da canjin naira da sefa a gefe guda, in taɓo wani abu da kowa ke gani a kasuwanninmu na bakin iyaka amma kowa ke kau da kai saboda kara. Duk wanda ya saba cin kasuwannin Konni da Illela, ko Ɗan Isa da Jibiya, ko Magarya da Maigatari, ko Gaya da Kamba, da wuya ya rasa sanin mutum ɗaya ko biyu masu ƙari a gefen fuska, wato a gaban kunne ko a ƙarƙashinsa, ko kuma a ƙarƙashin muƙamuƙi. Na wani kamar goro, na wani kamar ƙwan kaza, na wani kuwa ya kai mangwaro har ya ɗage fatar kunne sama. Maza su rufe da rawani ko su tara gemu, mata su ja mayafi. In ka yi ƙarfin hali ka tambaya, amsar da za ka ji ba ta wuce ɗaya: "Ai ba ya yi mini zafi, mun daɗe tare."

Wannan amsa ce nake son mu ɗora a sikeli yau. Ra'ayina a fili yake, ba sai na ɓoye shi zuwa ƙarshe ba: rashin zafi ba shi ne lafiya ba. Wanda ke da ƙari a waɗannan wurare ya kamata ya kai kansa asibiti tun abin yana ƙarami, kuma kada ya yarda kowa ya sa masa aska ko ƙarfen sakiya, in ba likitan da wannan aikin ne sana'arsa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne halin da wani aminina ya shiga, mutumin da muka yi shekaru muna saro wake tare muna tsallakawa da shi. Ba zan faɗi sunansa ba, amma shi da kansa ya ce in ba da labarin ko wani zai tsira. Nasa ya fara ne kamar ƙwayar gyaɗa a ƙarƙashin kunnen dama, in ka taɓa sai ya riƙa zillewa a cikin fata. Da ya yi shekara 4 ya kai girman goro, sai wani ya ba shi shawara a fasa. A wata kasuwar ƙauye aka yi masa sakiya. Ba a ga mugunya ba, sai jini da wani abu mai yauƙi. Wurin ya ɗan sace, ya warke, ya bar tabo, aminina ya yi murna ya ce an rabu. Bayan ƴan shekaru sai ga abin ya dawo, ba ma guda ɗaya ba, ƙulle-ƙulle a jere kamar ƴaƴan carbi. Duk da haka bai je asibiti ba. Kullum akwai motar da za a loda, akwai bashin da za a karɓo, yau sai bayan kaka, gobe sai bayan salla. Ran nan da asuba yana alwala, ya kurkure baki sai ya ga ruwa na zuba ta gefe guda, ya wanke fuska ya ji idon dama ya ƙi rufuwa. Ranar ce ya nemi mota, shekara 11 ke nan da fara ganin ƙarin.

A babban asibiti likitoci suka ce abin ya rikiɗe ya zama ciwon daji, kuma ya riga ya ci jijiyar da ke motsa fuska. Aka yi aiki na awoyi masu yawa, aka cire ƙarin da jijiyar da kaluluwar wuya, sannan aka shiga gashi da hasken na'ura na makonni. Rumfarsa ta tafi, filin da ya saya don ya gina wa iyali ya tafi. Allah ya yi da sauran kwana, yana nan da ransa, amma in zai kwanta sai an sa masa magani a ido an liƙe, kuma in ya yi murmushi rabin fuska ne ke amsawa. Abin da ya fi ci masa rai, in ji shi, shi ne maganar da likita ya gaya masa, cewa da ya zo tun abin yana kamar goro, kafin a fasa shi, da aikin awa 2 ko 3 ne da ƴan kwanaki a gado.

To, mene ne wannan ƙari, kuma daga ina yake fitowa? Miyan da muke haɗiya akwai gidajen da ke sarrafa shi, kuma a yini guda sukan fitar da abin da ya kai lita 1, wani lokaci ma da rabi. Manyan guda 6 ne, 3 a dama, 3 a hagu. Mafi girma yana gaban kunne ya gangaro ƙarƙashinsa, shi ne wanda ke kumbura in yaro ya kamu da hangum, likitoci na kiran sa farotid. Na biyu yana ƙarƙashin muƙamuƙi, na uku yana ƙarƙashin harshe. Bayan waɗannan akwai ɗaruruwan ƙanana da ke warwatse a ganɗa da leɓɓa da cikin kumatu. Kowane ɗaya daga cikinsu na iya fitar da ƙari, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa iri fiye da 30 a jadawalinta na shekarar 2022. Ba a ɗaukar sa daga wani, ba ya bin cin abinci tare ko shan ruwa a kofi ɗaya, kuma yana kama namiji da mace, matashi da dattijo.

Ga lissafin da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya riƙe. A cikin kowane ƙari 10 na gidajen miyau, 7 zuwa 8 a babban gidan nan na gefen kunne suke fitowa. A cikin na gefen kunnen kuma, kusan 8 cikin 10 ba daji ba ne. Wannan labari ne mai daɗin ji. Amma in an sauko ƙarƙashin muƙamuƙi sai lissafin ya canza, domin kusan rabi daji ne, haka nan na ganɗa. Na ƙarƙashin harshe kuwa, ko da yake ba a cika samun su ba, mafi yawansu daji ne. Wato gwargwadon ƙanƙantar gidan, gwargwadon haɗarin ƙarinsa. Babban abin lura shi ne, da mai sauƙin da mugun duk iri ɗaya suke farawa, ƙulli ne marar zafi. Ba mai iya bambance su da ido ko da taɓawa, ko likita sai ya yi bincike. To, wane ɗan kasuwa ne a cikinmu za a ce masa a buhu 10 ɗin nan 2 ƙwari sun cinye su, ya ce a loda haka nan ba sai an soka an duba ba? Abin da ba ma yi wa buhun wake, shi muke yi wa fuskokinmu.

Kada a fahimce ni a karkace, ba kowane kumburi ne ƙari ba. Hangum yakan zo da zazzaɓi da zafi, yawanci ga yara, kuma yakan sace cikin mako 1 zuwa 2. Akwai tsakuwar da ke toshe hanyar miyau, galibi a ƙarƙashin muƙamuƙi, wadda alamarta ita ce wurin ya kumbura lokacin cin abinci, musamman mai tsami, in an jima ya sace. Akwai kaluluwa da ke tashi saboda ciwon haƙori ko na maƙogwaro ko tarin fuka. Maƙoƙo kuwa a gaban wuya yake, hanyarsa daban. Kowanne da maganinsa. Ƙa'idar dai mai sauƙi ce: duk ƙullin da ya wuce mako 3 bai tafi ba, likita ya kamata ya gan shi. Yaron da muƙamuƙinsa ke kumbura da sauri cikin ƴan kwanaki, haƙoransa na girgiɗa, shi kam ba a jira da shi ko kwana ɗaya, domin akwai wani dajin yara mai saurin gaske da ke farawa haka, kuma yana jin magani in an zo da wuri.

Na san wani zai ce, to tunda 8 cikin 10 ba daji ba ne, me zai hana in bar nawa yadda yake? Dalilai 3 ne. Na farko, irin ƙarin da aka fi samu a gefen kunne ba ya sacewa da kansa. Ba ƙwayar da ke narkar da shi, ba allura, ba shafi, ba turare. Sai dai ya riƙa ƙaruwa sannu a hankali. Ko a Amurka wuƙa ce maganinsa. Shahararren ɗan wasan ƙwallon kwandon nan LeBron James, da duk dukiyarsa, aiki aka yi masa a shekarar 2009 aka cire masa ƙari marar daji daga wannan wuri, ya kuma koma wasansa ya ci kofuna. Da akwai ƙwayar sha, da shi ya fi kowa iya sayen ta.

Na biyu, wannan ƙari mai sauƙi yana iya rikiɗewa in ya daɗe. Alƙaluman da likitoci ke aiki da su sun nuna cewa a shekaru 5 na farko waɗanda nasu ke komawa daji ba su kai 2 cikin 100 ba, amma in an wuce shekara 15 adadin yakan kusanci 10 cikin 100. Ke nan wannan "mun daɗe tare" da ake tinƙaho da ita, ita ce ainihin abin tsoro. Na uku, gwargwadon girman ƙarin, gwargwadon yadda yake miƙe jijiyar fuska ya manne da ita, gwargwadon kuma wahalar raba su lafiya. Aikin da yake ƙarami bana, shi ne babba baɗin baɗaɗa, kuɗinsa ma haka.

Gaskiya ne akwai wani iri da aka fi samu ga dattawa masu shan taba sigari, wani lokaci a gefe biyu, wanda da wuya ƙwarai ya koma daji, har likita kan iya cewa a bar shi a riƙa sa masa ido. Amma wannan hukuncin likita ne bayan gwaji, ba hukuncin majalisar mai shayi ba.

Akwai kuma alamomin da in an gan su, to, maganar jiran kaka ko salla ta ƙare. Ƙarin da ya yi shekaru a kwance sai ya tashi girma cikin ƴan watanni. Wanda ya fara zafi ko zugi. Wanda ya yi tauri kamar dutse ya daina motsi. Wanda fatar kansa ta canza ko ta fashe ta zama gyambo. Baki ya karkace ko ido ya ƙi rufuwa. Wani sashe na fuska ya mutu ba ya jin taɓi. Buɗe baki ko haɗiya ya yi wuya. Ko wasu ƙulle-ƙulle su fito a wuya. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ta isa mutum ya rufe rumfa ya nemi mota a ranar.

Yanzu bari mu zo kan maganar sakiya da tsaga. Ba na raina wanzamai. Sana'a ce ta gado, kuma ba wanda bai zauna gabansu ba a cikinmu. Amma ƙari ba maruru ba ne. Maruru mugunya ce a ciki, in an fasa ta fita an huta. Ƙari kuwa tsoka ce mai rai, a naɗe cikin wata ƴar tantani mai laushi, kuma yana da ƴan ƙananan yatsu da ido ba ya gani da suka kutsa cikin naman da ke kewaye da shi. In aka huda tantanin nan, ƙwayoyin ƙarin sukan watsu cikin wurin kamar buhun gero ya fashe a gona da damina. Wurin zai warke, a yi shekara 5 ko 10 ana murna, sannan abin ya tsiro a wurare da yawa lokaci guda. Ban da wannan, ƙarfen na iya katse jijiyar fuska nan take, ko ya bar ƙofar da miyau zai riƙa tsiyaya ta kunci.

Ba wanzamanmu kaɗai suka taɓa yin wannan kuskure ba. Likitocin Turai ma a da, saboda tsoron taɓa jijiyar fuska, ƙwaƙule ƙarin kawai suke yi kamar yadda ake ɓare gyaɗa daga kwasfa, sai suka ga yana dawowa ga mutum 20 zuwa 45 cikin 100. Daga wajajen shekarun 1940 ne suka canza salo, suka koma fara neman jijiyar tukuna, su bi ta a hankali, sannan su cire ƙarin cif tare da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi. Da wannan salo dawowarsa ta faɗo ƙasa da 5 cikin 100. Su sun koyi darasi da tsada, mu me zai sa mu sake sayen sa?

Wannan gargaɗi bai tsaya ga wanzami ba. Ko a ƙaramin asibiti wani mai farar riga ya ce maka ƙaramin abu ne, bari ya kashe wurin da allura ya cire maka yanzu-yanzu da araha, ka yi masa godiya ka ce a rubuta maka takardar zuwa babban asibiti. Araha ba ta ado. A wannan cuta, aikin farko shi ne babbar damar mutum. In aka ɓata shi, na biyu cikin tabo ake yin sa, inda jijiya da nama suka cakuɗe, kuma haɗarin shanyewar fuska ya ninka.

Babban abin da ke hana jama'a zuwa asibiti, bayan kuɗi, shi ne tsoron kada a karkata musu baki. Wannan tsoro yana da tushe, ba zan ce ba shi da shi ba. Jijiyar da ke motsa fuska tana fitowa ne daga ƙashin kai ta ƙarƙashin kunne, ta ratsa ta tsakiyar babban gidan miyau, ta rabu reshe 5: mai ɗaga gira, mai rufe ido, mai motsa kunci da leɓen sama, mai motsa leɓen ƙasa, da mai gangarawa wuya. Duk gwanintar aikin a kan tsare ta take. Bayan aiki, mutane da dama kan sami rauni a gefen fuska, amma ga mafi yawansu na ɗan lokaci ne, yakan dawo cikin makonni ko ƴan watanni. Waɗanda nasu ke dawwama, in ƙarin ba daji ba ne kuma aikin farko ne a hannun gwani, ƴan ƙalilan ne cikin 100. Fatar kunne, wurin da mata ke sa ƴan kunne, takan yi kamar ta mutu na tsawon lokaci. Wasu kuma bayan watanni sukan ga kuncinsu na gumi in suna cin abinci, abin da wata likita ƴar ƙasar Folan mai suna Lucja Frey ta yi bayaninsa tun shekarar 1923, kuma yana da magani in ya dami mutum. Baki ba ya bushewa don an cire gida guda, sauran sun isa. Tabon kuwa yana bin gaban kunne ne ya lanƙwasa zuwa wuya, in ya warke sai an lura ake ganin sa.

To, a ɗora waɗannan a hannu ɗaya, a ɗora abin da ya sami aminina a ɗaya hannun. Ya guje wa wuƙar likita don kada bakinsa ya karkace, jiran da ya yi shi ne ya karkata shi, kuma har abada.

Ga wanda ya yi niyya, ga yadda tafiyar take. Sashen da za ka nema shi ne na kunne da hanci da maƙogwaro, wanda a Nijar ake kira ORL, a Najeriya kuma ENT, ko kuma sashen tiyatar fuska da muƙamuƙi. Likita zai taɓa, ya duba cikin baki, ya ce ka ɗaga gira, ka rufe ido, ka hura kumatu. Za a yi hoton ekografi, irin wanda ake yi wa masu ciki. Sau da yawa za a sa siririyar allura a zuƙo ɗan abin da ke ciki a duba a madubin likita. Wannan ba ɗaya take da sakiya ba, kamar ƙarfen da muke soka wa buhu ne mu ga samfur ba tare da mun farke shi ba. In ƙarin babba ne ko ya yi zurfi, sai a ƙara da hoton sikana. Za a auna jini da hawan jini da sukari, domin aikin da allurar barci ake yin sa. Bayan aiki akan bar ƴar roba mai fitar da ruwa kwana 1 ko 2, kuma galibi cikin mako 2 zuwa 3 mutum ya koma rumfarsa.

Abu ɗaya da nake roƙo kada a yi sakaci da shi: abin da aka cire dole ne a kai shi ɗakin gwaji, kuma dole ne ka koma ka karɓi sakamakon. Wannan takarda ce kaɗai za ta faɗi ko an gama ko da saura. In daji ne, ana iya buƙatar gashi da hasken na'ura, kuma akwai irin da ke bin jijiya ya ɓuya, ya dawo bayan shekaru masu yawa, don haka ba a yanke zuwa awo ko da an ji garau. Ka adana takardun nan da hotunan yadda kake adana takardun duwan, musamman in a wata ƙasa aka yi maka aikin, kai kuma kana zaune a wata.

Mu mutanen bakin iyaka Allah ya ba mu ƙofa biyu. A Nijar akwai manyan asibitocin Yamai da Damagaram da Maraɗi, kuma tun shekarar 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashi da na'ura, abin da a da sai an fita waje. A Najeriya akwai asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Aminu Kano a Kano, da na jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da asibitin koyarwa na tarayya a Katsina, da cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Sai dai kada a manta, ƙofa takan rufe ba sallama. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Wanda ya ce sai baɗi, bai san ko baɗi hanya a buɗe take ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar kuɗi kuwa, ba zan yi wa kowa ƙarya in ce aikin kyauta ne ba. Akwai kuɗin hoto, da na gwaji, da na aiki, da na magani, da na mota da masauki, ga kasuwar da za a rasa. A shekarar 2024 gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar rage kuɗin awo da gwaje-gwaje da ayyukan tiyata da rabi a asibitocin gwamnati, don haka mutum ya tambayi farashin hukuma, ya kuma karɓi rasit. Amma mu da muka san lissafi, mu yi shi har ƙarshe. Nawa ake kashewa a shekara 10 wajen masu magani a kasuwa, wannan ya ba da gari, wancan ya ba da man shafawa? Nawa ne kuɗin aikin ƙaramin ƙari, nawa ne kuma na daji da gashi da jinyar watanni a garin da ba naka ba? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ɗan kasuwa fuskarsa ma jari ce, da ita yake ciniki, da ita ake ba shi amana.

Ina da magana ta musamman ga magidanta. Mu maza muna yawo, ana ganin namu, wani ya yi mana magana. Na mata kuwa yana ƙarƙashin mayafi, wata sai ta yi shekaru ba wanda ya sani sai mijinta, wata tana tsoron faɗa kada a ce ta cika ƙorafi ko a yi mata gori. Alhaji, in ka ga ƙulli a gefen kunnen uwargida ko amarya ko ɗiyarka, kada ka ce ai ba ta ce yana ciwo ba. Kuɗin atamfa da na kayan salla su ma kuɗi ne. Mata masu adashi kuma su sani, kwasar da aka yi don lafiya ba asara ba ce.

Daga ƙarshe ina da kira guda 3. Ga shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa da sarakunan kasuwa: muna tara kuɗi in gobara ta tashi ko an kama wa ɗan'uwa kaya, me zai hana a ware asusun da za a ranta wa mai buƙatar aiki irin wannan, ya biya a hankali? Kuma ku da ake jin maganarku, ku ja mai ƙari gefe ku yi masa magana cikin mutunci, kara ba ta hana faɗin gaskiya. Ga sarakunan aska: ku ja hankalin yaranku, duk ƙullin da ke gaban kunne ko ƙarƙashinsa ko ƙarƙashin muƙamuƙi ba na aska ba ne. Wanzamin da ya ce "wannan ya fi ƙarfina, tafi asibiti" girma ya ƙara. Ga hukumomin lafiya na ƙasashen biyu: likitocin wannan fanni a manyan birane suka taru, ya kamata a riƙa turo su asibitocin garuruwan iyaka lokaci-lokaci su duba jama'a, a sanar ta gidajen rediyo tun kafin ranar kasuwa, a kuma gaggauta fitar da sakamakon gwaji, domin wanda ya yi tafiyar yini guda sau biyu aka ce masa bai fito ba, da wuya ya yi ta uku.

Kai kuma mai karatu, in ka ajiye jaridar nan, sa hannu ka shafa gaban kunnenka da ƙarƙashin muƙamuƙinka, dama da hagu, ka sa harshe ka shafa ganɗarka. In ka ji wani abu da ya wuce mako 3, ka tsai da ranar tafiya tun yau. In ba ka ji komai ba, ka gode wa Allah, sannan ka karanta wa maƙwabcin rumfarka wanda bai iya karatu ba. Malamanmu sun sha gaya mana cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Hausawa kuma suka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya sa mu dace. Amin.